Lemon Tsami a Ƙarƙashin Motar Abu Nasir

Auwalu, tun ranar da ka dawo daga gidan surukanka ka zauna a bakin tabarmata kana kame-kame na san maganar nan ce ta sake tasowa. Wai wani kawun yarinyar da kake nema ya ji an ce koro ni aka yi daga wurin aiki a Riyad saboda an kama ni da sihiri. Ka faɗa kana kallon ƙasa, kai a dole ba ka yarda ba, amma da ba ka ɗan yarda ba ai dariya za ka yi. Ban ba ka amsa a ranar ba don raina ya ɓaci, kuma kun san ni, in raina ya ɓaci magana ba ta fita daidai. To yanzu na huce. Ka karanta, ka miƙa wa Hindatu da sauran ƙannenka, don kada bayan raina wani ya zauna yana ba ku labarin abin da bai gani ba. An sallame ni daga gidan, wannan gaskiya ne. An kuma tsinci wani abu ɗaure a ƙarƙashin motar da nake ja, shi ma gaskiya ne. Amma lemon tsami ne da barkono, kuma ba ni na ɗaura ba.

Gidan yana unguwar Nasim, gabashin gari. Mai gidan shi ne kafilina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar, iƙamata, takardar izinin zamana, a ƙarƙashinsa take. Abu Nasir ake ce masa, mu 'yan aiki kuwa Baba muke kiransa. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya zagi ɗan aiki ba. A lokacin mata ba su fara tuƙi a can ba, saboda haka duk wata fita ta matan gidan a wuyana take, musamman ta mahaifiyarsa, tsohuwar da muke kira Mama Kabira. Ita ce gidan, kowa a tafin hannunta yake. Daga kujerar baya take tuƙa motar da bakinta: in na yi sauri ta ce kashe ta zan yi, in na tafi a hankali ta ce raƙumin ubanta ya fi ni. Tana gama faɗan kuma sai ta zuro hannu ta miƙo mini dabino. Har alkawari ta yi mini cewa za ta sa Baba ya ɗauko mahaifiyarku ta zo ta yi Umra. Ina son tsohuwar nan, ba zan ɓoye muku ba.

Sai kukun gidan, Raju. Ba'indiye ne, daga wani ƙauye a kudancin ƙasarsu, kuma ba Musulmi ba ne, addinin Hindu yake yi. Ya riga ni zuwa gidan da shekaru masu yawa, 'ya'yan Baba duk a gabansa suka yi wayo. Gajere ne, ga tumbi, ga gashin baki kamar tsintsiya, kullum da wani jan zare ɗaure a tsintsiyar hannunsa. Ɗakinsa na jikin nawa a bakin ƙofar gida. Da Larabcin 'yan aiki muke magana, irin wanda in Balarabe ya ji sai ya dafe kai, amma mu muna gane juna sarai. Sadik yake ce mini, wato aboki. 'Ya ɗaya gare shi, Lata, tana makarantar koyon aikin jinya a can gida, kuma duk zaman da yake yi a gaban murhu a zafin Riyad don yarinyar nan yake yi. In ta kira shi a waya sai ya ruga ya wanke fuska ya taje gashin baki kafin ya ɗauka.

Ni dai a duniya ban taɓa ganin mai camfi irin Raju ba. Kai! Ba ya miƙa maka wuƙa hannu da hannu, sai ya ajiye ka ɗauka, wai kada ta yanke zumunci. Ba ya aski ranar Talata. In kyanwa ta gitta masa a hanyar shago sai ya tsaya cik, sai wani ya riga shi wucewa, ga shi kuwa unguwar nan kyanwowi sun fi mutane yawa, sai Mama Kabira ta aike shi sayen burodi ya share rabin safiya. Ya ce a garinsu in hankaka ya yi kuka a kan katanga baƙo na tafe. Da na ce masa ai nan ba hankaki, sai ya ce shi ya sa ba mai zuwa wurinmu. Wanda ya fi tsoro duka shi ne a kira mutum ta bayansa yana kan hanyar fita, ko a yi atishawa. In haka ta faru, a wurinsa tafiyar ta lalace. Dole mutum ya dawo ya zauna, ya kurɓi ruwa, sannan ya sake ɗaura niyya. Nakan ce masa, haba Raju, babba da kai, Allah ne ke tsare bawa, ba kofin ruwa ba. Yakan ce ai shi ma bai ce ba Allah ba ne, amma me kofin ruwa zai rage ni da shi?

Wata rana na yi suɓutar baki na gaya masa cewa kakarku Inna, Allah ya jiƙanta, in ta yi tuntuɓe da ƙafar hagu a ƙofar gida komawa take yi, ba ta bari a yi shara bayan magariba, kuma in idonta na rawa sai ta ce za ta ga baƙo. Raju ya tashi tsaye da ludayi a hannu.

“Sadik! Mamarka Ba'indiya ce! Duk namu ne wannan!”

“Uwata Bakatsiniya ce gaba da baya. Kuma malamai sun sha yi mata wa'azi.”

“Ta daina?”

“Ina fa ta daina.”

Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar in zai yi nasa camfin sai ya ce da ni, yi haƙuri, umarnin Mama Nijeriya ne.

Shekarar da abin ya faru, wata safiya na fito zan je ɗauko wa Baba saƙo a unguwar Malaz. Na kai bakin mota ke nan sai na ji Raju ya ƙwala mini kira. Wayata na manta a kicin. Yana rufe baki ya gane abin da ya yi, ya dafe kai da hannu biyu. Ya rugo da kofin ruwa yana roƙona in zauna ko na ɗan lokaci ne. Na karɓi wayata, na ce masa in yana jin ƙishirwa ya sha abinsa, na ja mota. Ban kai Malaz ba wani ya keto danja da gudu ya kwashe ni ta gefe. Mota ta tashi daga aiki, ni kuma Allah ya sa da sauran kwana, haƙarƙarina ne kawai ya tsage. Ƙaddara ce, ko an kira ni ko ba a kira ni ba sai ta same ni, haka na yi imani kuma a kan haka zan mutu. Amma je ka gaya wa Raju! A wurinsa bakinsa ne ya kusa kashe ni. Duk jinyar da na yi shi ya yi ta: shi ke dafa mini madara da kurkum, shi ke tallafa ni zuwa banɗaki, shi ke juya mini darduma ta kalli alƙibla don in yi salla a zaune. Ko ɗan'uwana na jini iyakar abin da zai yi ke nan.

Da na warke Baba ya sayo sabuwar mota, fara, babba. Ranar da aka kawo ta sai ga Raju da lemon tsami cike da hannu, wai a garinsu akan sa a ƙarƙashin kowace taya a take, sannan a rataya wani a gaba da barkono don ya kore bakin mutane. Nan fa na hau shi da faɗa. Na ce wallahi in ya kusanci motar nan da lemo sai na matse masa shi a ido, ni addu'ar hawa abin hawa ta ishe ni. Ya mayar da lemonsa aljihu ya ce, “Kalas, shi ke nan, sadik, ba komai.” Ashe ba kalas ba ne. Ya bari sai da na tafi masallaci, ya kwanta a ƙasa da tumbinsa, ya ɗaura abinsa a can ciki, bayan bamba, inda ba mai gani.

Aka kwana biyu. Zafin Riyad ya busar da lemon nan ya koma baƙi ƙirin, barkonon ya yamutse. A tsakanin nan kuma Mama Kabira ta fara ciwon kai da jiri, asibiti sun yi gwaje-gwajensu ba su ga abin kirki ba, wata maƙwabciya kuma ta fara raɗa mata cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, ta bincika gidanta. Ranar wata Juma'a da la'asar na dawo da ita da Baba daga gaisuwa. Tana sauka sandarta ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin mota. Na yunƙura zan ɗauko, Baba ya riga ni durƙusawa. Sai na ga ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, abin yana reto a hannunsa.

“Ya Haruna, mene ne wannan?”

Mama Kabira ba ta jira amsata ba. Ta ja da baya tana ta'awwuzi, ta nuna ni da yatsa.

“Sihiri! A motar da nake shiga! Ni da nake ba ka dabino da hannuna? Dama an gaya mini halin Takari, na ce nawa ba haka yake ba!”

Wannan kalmar ta Takari, sunan da suke kiran mutanenmu da shi a can, ta fi mini komai ciwo, har yau in na tuna sai na ji ta a ƙirjina. Makulli a hannuna yake, ni ke wanke motar, ni ke kwana kusa da ita, to wa za a zarga? Abin ya bushe har ba a gane lemo ne. Ni kuwa kallo ɗaya na yi wa jan zaren da aka ɗaure abin da shi na san mai shi. Raju ba ya nan, ya tafi kasuwar Bataha hutun Juma'arsa. Ku sani, a ƙasar nan ba a wasa da kalmar sihiri. Akwai waɗanda aikinsu ke nan, kira ɗaya za a yi musu su zo su tafi da mutum. Kafin mu shiga falon baƙi ni da Baba na riga na auna abin a raina. Ni Musulmi ne, sahu ɗaya muke tsayawa da Baba, limamin unguwa ya san ni, mafi munin abin da zai same ni a sallame ni. Amma a ce wanda ba Musulmi ba ne, wanda kuma shi ke dafa abincin da tsohuwa marar lafiya ke ci, shi ya ƙulla wani abu ya ɓoye? Wa zai tsaya sauraron labarin bakin mutane da al'adar ƙauyensu? In ya yi sa'a a tusa ƙeyarsa gida, Lata ta bar makaranta. In bai yi sa'a ba, Allah kaɗai ya san inda zai ƙare.

Baba ya rufe ƙofa ya ce in rantse. Na rantse da Allah ba ni na ɗaura ba.

“To ka san wanda ya ɗaura?”

“Baba, don Allah kada ka tambaye ni wannan. Abin da zan iya rantse maka a kai shi ne ba a yi shi don cutar da kowa ba.”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya kalli zaren, ya kawar da kai. Ni dai a zatona ya gane, amma bai so ya sani ba, don in ya sani dole ya gaya wa uwarsa. Ya ce ba zai kira kowa ba. Amma Mama ta rantse ba za ta ƙara shiga motar da nake ja ba, shi kuma ba zai saɓa mata ba. Zai yi mini tanazul, wato ya sake ni in nemi wani kafilin, in ci gaba da zama a ƙasar. Na yi masa godiya na fito.

Ina cikin haɗa kayana Raju ya dawo da ledar kayan yaji yana 'yar waƙarsa. Da na gaya masa sai ledar ta faɗi. Bai ko duƙa ya ɗauka ba. Ya shiga ɗakinsa ya sako farar rigarsa ta zuwa unguwa, ya fito ya nufi ƙofar falon Baba. Na tare shi, na faɗa masa duk abin da na auna. Ya ture hannuna.

“Ni na ɗaura, ni zan faɗa. Sau ɗaya na kusa kashe ka, yanzu kuma in cinye maka aiki? A'a, sadik.”

Ban taɓa sanin yana da ƙarfi haka ba. Ya wuce ni, ga shi nan yana tafiya a tsakar gida, saura kaɗan ya kai ƙofa. Ni kuma haƙarƙarina bai gama ƙwari da zan yi kokawa da shi ba. Sai kawai na buɗe baki.

“Raju!”

Ya tsaya cik kamar an taka birki. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya juyo a hankali yana hararata, ya dawo ya zauna a kan bencin ƙofar ɗakina. Ni da kaina na ɗebo masa ruwan. Ya kurɓa, ya miƙe, ya sake kama hanya. Na bari ya yi nisa na sake kiransa. Ya dawo, ya zauna, ya kurɓa. Da ya tashi a karo na gaba sai ya toshe kunnuwansa da yatsu, ni kuwa na shaƙi iska na saki wata atishawar ƙarya da ta sa kyanwar da ke kan katanga ta tsere. Ya dawo ya zube a bencin, hawaye na bin gashin bakinsa.

“Kai ba ka yarda da wannan ba. Kullum dariya kake mini.”

“Ni ban yarda ba. Amma kai ka yarda. Kuma wallahi in ka ga na daina kiranka, to Lata ta gama makaranta.”

“Mugu ne kai, sadik.”

“Na ji. Sha ruwanka.”

Muna nan zaune aka kira magariba. Baba ya fito ya wuce mu zuwa masallaci, bai dubi inda muke ba. Na sa Raju ya yi mini alkawari da ran 'yarsa cewa zai yi shiru, na bi bayan Baba. A sallar nan na yi istigfari a kan atishawar, don kada ku ce ubanku ya koma camfi.

Abin ya ci mini, ba zan ce bai ci ba. Umrar mahaifiyarku ta bi ruwa, sai bayan shekaru na kai ta da gumina, ku tambaye ta, ba ta taɓa yi mini gori ba. Na bar ɗaki mai sanyi na koma unguwar Al-Ud, ɗaki ɗaya da wasu 'yan Maraɗi masu aikin gini, mutanen kirki masu minshari. A bakin wani ɗan garinmu da ya ji rabin zance labarin sihiri ya iso gida. Na so in ƙaryata, amma maganar da aka faɗa a Katsina kafin sati ta dawo Riyad, sai na ja bakina. Daga baya na samu aikin jan motar wani kantin katifu da kujeru a Malaz, kuma a nan na zauna lafiya har na dawo gida. Ba mai tuƙa ni daga kujerar baya, amma ba mai miƙo mini dabino. Kowace Juma'a Raju na zuwa Al-Ud da kwanon shinkafa, 'yan Maraɗin nan har sun fi ni ɗokin zuwansa. Lata ta gama, ta samu aiki. Ranar da Raju zai bar ƙasar gaba ɗaya ya zaunar da Baba ya gaya masa komai. Mama Kabira kuwa a lokacin ciwo ya ci ƙarfinta, ba ta gane mutane. Da ta rasu na je aka yi mata salla da ni. Baba ya riƙe hannuna a maƙabarta ya daɗe bai saki ba. Ta tafi tana zaton na cuce ta. Wannan kaɗai ne ban huce ba, sauran duk alhamdulillahi, kuma na yafe mata tun a ranar.

To Auwalu, ga abin da za ka kai wa kawun yarinyar. In ya ga dama ya yarda, in bai ga dama ba ka ce ya zo ya same ni. Amma ku 'ya'yana akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe, shi ne safiyar da na bar gidan Nasim. Raju ya ɗauko mini jaka har bakin ƙofa. Ya zo da kindirmo da sukari a cokali, wai haka ake sallamar matafiyi a garinsu. Na ce wannan kam abinci ne, na buɗe baki ya zuba mini. Na karɓi jakata na kama hanyar bakin titi. Layin dogo ne, ba kowa a kai. Na san yana tsaye yana kallon ƙeyata. Na san mutumin nan, ko shago zan je sai ya yi mini addu'a iri-iri, ga shi yau ina barin gidan saboda shi. Ina tafe ina kasa kunne, har raina na so in ji muryarsa. Shiru. Har na sha kwana bai ce uffan ba.

Juma'ar da ta biyo baya da ya kawo shinkafa na ga leɓensa na ƙasa a kumbure, da sawun haƙora. Na ce me ya same ka?

“Sunanka ne, sadik,” in ji shi. “Ya yi ta son fitowa, ni kuma na hana shi.”